GAWON GONARKA DA HAYAƘIN WANI: SHIN BIYAN KUƊI YANA SAUKE HAƘƘI?



'Yan uwa, akwai wani ciniki da ya ɗan jima yana gudana a duniya, kuma ya daɗe da shigowa gonakin Afirka. Kamfani ne a Turai ko Amurka yake ƙona mai da gas da kwal, hayaƙinsa yana hawa sama. Sai ya aika wakilai wajen manomi a Kenya ko Habasha ko Yuganda, a ce masa: ka shuka itatuwa a gonarka, ko ka bar waɗanda suka tsiro su girma, za a riƙa biyan ka. Shi kuma kamfanin sai ya rubuta a littafinsa cewa itatuwan manomin nan sun shanye hayaƙinsa, don haka babu sauran laifi a kansa. Wannan shi ake kira kasuwar kabon.

Tambayoyi biyu ne a nan, kuma mutane suna yawan cakuɗa su. Ta farko: wanda ya biya kuɗin, ya sauke haƙƙin ɓarnar da ya yi? Ta biyu: manomin da aka miƙo wa kuɗin, ya karɓa ko kada ya karɓa? Kafin mu taɓa su, sai mun fahimci abin da ake sayarwa, domin malamanmu sun koya mana cewa ba a yanke hukunci a kan abin da ba a san kamanninsa ba.

ME ITACE YAKE AJIYEWA?

Duk abin da aka ƙona, fetur ne ko kwal ko itacen girki, yana sakin wata iska marar launi, marar wari, wadda za mu kira iskar kabon. Idan ta yi yawa a sama sai ta riƙe zafin rana, duniya ta ɗumama. Kafin zamanin injuna adadinta wajen kashi 280 ne cikin miliyan. Yau ya haura 420.

Ganyen itace kuwa zuƙar wannan iska yake yi. Ya haɗa ta da ruwa da hasken rana, ya gina gindi da rassa da saiwa. Idan ka busar da itace ka auna shi, kusan rabin nauyinsa kabon ne. Ka ga gawayi? To baƙin nan kabon ɗin ne da itacen ya tara a rayuwarsa. Itacen da busasshen nauyinsa ya kai kilo 1,000 yana riƙe da kabon wajen kilo 500, wanda ya ciro daga iskar da ta kai kilo 1,800 da ɗoriya. Ganyen da yake zubarwa da saiwar da ta ruɓe kuma suna barin wani kaso a cikin ƙasar gona.

A kan wannan aka gina kasuwar. Yarjejeniyar Kyoto ta 1997 ce ta buɗe ƙofar, ta Paris ta 2015 ta ci gaba da ita. Kowane tan ɗaya na iskar kabon da aka ce an ciro ko an hana fitarsa, sai a ba da takardar shaida guda, a sayar da ita ga mai buƙata.

ITATUWAN DA SUKA DAWO BA DA KUƊIN KABON BA

Mu leƙa maƙwabtanmu a Maraɗi da Damagaram, domin a can aka yi ɗaya daga cikin manyan ayyukan dawo da itatuwa gona a duk faɗin Afirka.

Tun zamanin mulkin Faransa, da dokar daji ta 1935 da waɗanda suka biyo bayanta, itace a Nijar ya koma kamar mallakar hukuma. Manomi yana iya shan tara a kan itacen da ke tsakiyar gonarsa. To wa zai reni abin da zai jawo masa ma'aikacin daji? Sai mutane suka riƙa share gona tas. Fari ya zo a shekarun 1970, ya sake dawowa a 1984, iska ta riƙa binne shuka da rairayi, wani sai ya yi shuka sau biyu sau uku kafin ta kama.

A farkon shekarun 1980 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda yake aiki da wata ƙungiyar mishan a Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa duk shekara tohon kututture ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Adalci ne a faɗi sunan wanda ya yi aikin kirki ko daga ina ya fito. Dabarar mai sauƙi ce: a kowane kututture ka zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi ka bar su, ka sare sauran, ka riƙa yi musu aski. Ba reno a leda, ba ban ruwa. Manoma suka sa mata suna sassaben zamani, maƙwabci ya gani wurin maƙwabci ya ɗauka.

Masu binciken da suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da sababbi sun ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 ne suka dawo a kan hekta miliyan 5, kuma hatsin da ake samu ya ƙaru da wajen tan dubu 500 a shekara. Kalgo da sabara da aduwa da magarya duk sun dawo, uwa uba gawo. Gawo abin lura ne: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Tun a ƙarni na 19 sarakunan Damagaram suke hukunta mai sare shi.

Abin da nake so ka riƙe shi ne: waɗannan manoma ba don takardar kabon suka yi ba. Sun yi ne lokacin da hannun hukuma ya sassauta, suka ga alamar itacen zai zama nasu. Daga baya doka ta bi sawunsu, har aka fitar da wata a 2020 da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena. Kabon mai yawa ya sauka a gonakin nan, amma ya zo ne a matsayin gyara a kan ciniki. Asalin cinikin shi ne abinci da itacen girki da abincin dabba.

TAMBAYA TA FARKO: MAI BIYA YA WANKU?

Duk ɗalibin da ya zauna a zaure ya san sharuɗɗan tuba: ka daina laifin, ka yi nadama, ka ƙudurta ba za ka koma ba, idan akwai haƙƙin wani ka mayar masa. Na farko dai shi ne dainawa. Kaffara ma ana yin ta ne bayan an faɗa cikin kuskure. Ba a mayar da ita kuɗin shiga ba. Attajirin da zai tara buhunan masara tun watan Sha'aban, ya ce kullum zan sha ruwa da rana in ciyar da miskinai 60, kowa ya san wasa yake da addini.

Littattafan usulu suna kawo labarin Yahaya bin Yahaya al-Laisi, babban malamin Andalus da ya ruwaito Muwaɗɗa. Sarki Abdurrahman bin Hakam ya karya azuminsa da gangan, sai malamin ya ce masa ya yi azumin wata biyu a jere. Da aka tambaye shi me ya sa bai ba shi zaɓin 'yanta bawa ba, sai ya nuna cewa wannan abu ne mai sauƙi ga sarki, zai iya maimaita laifin kullum yana biya. Malamai da yawa ba su yarda da wannan fatawa ba, domin ta ƙuntata abin da shari'a ta yalwata. Amma cutar da ya hango gaskiya ce: idan fansa ta yi araha ga mai hali, sai ta koma lasisi.

Sannan fiƙihunmu ya san maganar hayaƙi tun tuni. A Mukhtasar na Shehu Khalil akwai hukuncin cewa alƙali yana hana mutum ƙirƙiro hayaƙi ko wari da zai cutar da maƙwabta, irin na gidan wanka ko majema. Majemi ba zai ce wa alƙali ai na biya wani a can ƙofar gari yana kunna turaren wuta ba.

Na san wani zai ce: Malam, misalin nan bai zauna daidai ba. Wari a unguwa yake tsayawa, iskar kabon kuwa gauraya take yi a duniya duka. Tan ɗaya da aka ciro a Maraɗi daidai yake da tan ɗaya da aka saki a Jamus. Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi da masu kasuwar suke da ita. Sai dai akwai rami biyu a cikinta.

Na farko, lokaci. Man da aka haƙo ya yi miliyoyin shekaru a binne. Da an ƙona shi, wani kaso na iskarsa zai yi ɗaruruwan shekaru a sama. Shi kuwa itace yau yana tsaye, gobe gatari ko gobara ko fari ko gara su kayar da shi, kabon ɗin ya koma inda ya fito. Kamar mutum ne ya ci maka bashi na dindindin, ya ba ka jinginar abin da zai iya narkewa kafin baɗi.

Na biyu, awo. Ana lissafin ne a kan abin da da zai faru in ba a biya ba, wannan kuwa ƙiyasi ne, kuma mai sayarwa da mai saye duk suna son lambar ta yi girma. A 2023 jaridun Guardian ta Ingila da Die Zeit ta Jamus sun wallafa binciken da ya ce fiye da kashi 90 cikin 100 na takardun kare dazuzzuka da babbar hukumar tantancewa ta Verra ta amince da su ba su rage hayaƙin da aka ce sun rage ba. Hukumar ta musanta sakamakon. Na dazuzzuka ne, ba na gonaki ba, amma ya isa ya nuna cewa takarda da gaskiya suna iya raba hanya.

To ina aka kwana? Ni abin da na fahimta shi ne akwai mutum biyu. Akwai wanda ya rage hayaƙinsa iya ƙarfinsa, ya sauya injuna, ya bar abin da zai iya bari, sai ɗan abin da ba makawa ya rage, ya biya a shuka itatuwa saboda shi. Wannan yana kama da wanda ya ɓata kayan wani ya biya diyya, abin yabo ne. Akwai kuma wanda bai rage komai ba, yana ma ƙara haƙo rijiyoyi, ya sayi takardu masu araha ya liƙa a tallarsa. Wannan ya sayi suna ne kawai, haƙƙi yana nan a wuyansa. Afirka baki ɗaya hayaƙinta bai wuce kashi 4 cikin 100 na duniya ba, amma fari da ambaliya sun fi cin mutanenta. Kuɗin da ya zo daga masu ɓarnar ya fi kama da biyan bashi, bai kamata a karɓe shi da durƙuso kamar sadaka ba.

Kada kuma mu ɗauka wannan wa'azin na Turawa ne kawai. Gas ɗin da ake ƙonawa a banza a yankin Neja Delta namu ne. Motocin gawayin da ke fitowa daga dazuzzukanmu namu ne. Mai kuɗin da ya sa aka tumɓuke kuka da ɗorawa a hekta ɗari don motar noma ta wuce, sannan ya dasa dogon yaro goma a ƙofar masallaci aka ɗauki hoto, shi ma ma'aunin nan ya hau kansa.

TAMBAYA TA BIYU: MANOMI YA KARƁA?

Asalin karɓar lada a kan kula da itace abu ne sananne. Fiƙihu yana da babin musaƙa, inda mutum yake kula da itatuwan wani a raba amfani, malaman Malikiyya kuma suna da babin mugarasa, na dashe. Manomin da aka ce masa ka reni itace kaza tsawon lokaci kaza a biya ka kaza, aiki ya yi, gumi ya zuba. Ban ga abin da zai hana shi cin ladansa ba. Ba iska ya sayar ba, ƙwadagonsa da haƙurinsa ya sayar. Idan wanda ya biya ya je ya yi ƙarya da takardar, ƙaryar tasa ce, matuƙar manomin bai sa hannu a ƙidayar bogi ba.

An kuma ga inda abin ya yi amfani. A Humbo da ke kudancin Habasha, jama'a sun farfaɗo da wajen hekta 2,700 da irin dabarar Maraɗi, kuɗin kabon ya shigo ta hannun ƙungiyoyinsu, suka kafa injinan niƙa da rumbunan hatsi. An ga inda ya cutar. A Kachung da ke arewacin Yuganda, wani kamfanin Turai ya dasa gandun itatuwa, mazauna wurin suka koka cewa an raba su da wuraren noma da kiwo, har hukumar makamashi ta Siwidin, wadda take sayen takardun, ta dakatar da biya a 2015. Bambancin wuraren biyu shi ne: a hannun wa ƙasar da itacen suka zauna?

Nan ne hatsarin yake. Irin wannan yarjejeniya takan ɗauki shekara 20 ko 30. Dattijon da ya dangwala yatsa yau, 'ya'yansa ne za su gaji ɗaurin. Idan aka raba gadon gonar, sharaɗin a kan wa yake? Idan farashin ba a ambata ba, sai abin da kasuwar Turai ta yanke bayan an cire kuɗin masu awo da masu tantancewa da dillalai, wannan ai cinikin biri a sama ne, shi ne garar ɗin da shari'a ta hana. In ba a yi hattara ba sai a koma kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi.

Sannan itacen gona ba na mai gona kaɗai ba ne a al'adarmu. Matan da ke tsintar kalwa su yi daddawa, da masu tsintar kaɗe, da yarinyar da ake aika ɗebo ganyen kuka, da Bafulatanin da ke saro wa shanunsa reshen gawo a tsakiyar rani, duk suna da rabo a ciki, kuma ba a kiran su ranar sa hannu. Takardar da za ta hana su don kabon ya cika awo ta ɗauke abinci daga bakin mai rauni ta kai wa mai ƙarfi.

Akwai kuma wani abu da ya fi damuna. Ƙa'idar kasuwar ita ce ana biya ne a kan ƙarin da kuɗin ya jawo. Ma'ana, manomin da ya yi shekara 30 yana renon gawonsa ba da sisin kowa ba, tsofaffin itatuwansa ba su shiga lissafi, domin da ma suna nan. Maƙwabcinsa da ya share tasa gonar tas shi ne yake da filin da za a biya a kai. Ta fuskar lissafi abin yana da hujja. Ta fuskar tarbiyya kuwa darasi ne mai guba, domin yana koya wa mutane cewa mai kiyaye amana shi ne ya yi asara. Duk tsarin da zai shigo ƙauyukanmu ya kamata ya nemo hanyar da zai saka wa na farkon.

KUƊIN ZAI CINYE LADA?

Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen Musulmi ana rubuta masa sadaka. Karɓar kuɗi ba ya rushe wannan, kamar yadda manomin da ya sayar da hatsinsa bai rasa ladan ciyar da al'umma ba. Abin tsoron yana cikin zuciya. Wanda ya bar itace don gonarsa da jikokinsa da neman yardar Allah zai bar shi ko an biya ko ba a biya ba. Wanda ya bar shi don dala kaɗai, ranar da farashi ya faɗi, ranar zai wasa gatari. Kasuwa kuwa hawa da sauka take. Shi ya sa kuɗin kabon ya dace ya zama miya, tuwon kuma ya zama amfanin da manomi yake gani da idonsa.

Shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007 ya ratsa jihohi 11 na arewacin Najeriya, daga Kabi da Sakkwato har Yobe da Barno, kuma cikin burinsa akwai adana tan miliyan 250 na kabon. Don haka maganar nan ba ta da nisa da mu. Idan wata rana aka zo garinku da takarda, ku zauna da mai gari da liman da wanda ya iya karatun harshen da aka rubuta ta, ku tambaya:

1. Gonar da itacen suna nan a matsayin namu, a rubuce?
2. Shekara nawa ne, kuma idan mai gonar ya rasu ko ya sayar, me zai faru?
3. Nawa ake sayar da tan ɗaya, nawa ne yake isowa hannun manomi?
4. An yarda mu yi sassabe, mu ɗebi itacen girki da 'ya'ya da ganye, dabbobi su ci?
5. Idan fari ko gobara ta kashe itatuwan, wa zai ɗauki asarar?
6. Waɗanne itatuwa ne, irin namu da suka saba zama da gero da dawa, ko baƙin da za su kori abinci daga gona?

Wanda ya amsa waɗannan a fili, ku yi ciniki da shi cikin mutunci, ku cika alkawari, kada ku ƙirga itacen da babu. Wanda ya fara kame-kame, ku sallame shi da fatan alheri.

Ko sun zo ko ba su zo ba, sharar gona tana tafe. Kafin ka sa adda a kan tohon kalgo ko gawon da ke gonarka, tsaya ka zaɓi reshe biyu ko uku ka bar su. Ba ka buƙatar izinin wani kamfani a kan wannan, kuma Wanda yake rubuta ladan ba ya kuskuren awo.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani, Ya tsare haƙƙinmu daga masu ci. Wallahu a'alam.